Koyar da ciniki tsakanin al'adu da wayar da ke hannun ɗalibi: jagora ga malaman jami'a a Zariya

Wanda ya saba shiga kasuwar Sabon Gari ya san ciniki ilimi ne mai zaman kansa. Ɗan ƙabilar Ibo mai kayan gyaran mota, Bayarabiya mai atamfa, Bazazzagi mai hatsi, kowa da yadda yake buɗe magana, da yadda yake ƙin tayi, da alamar da yake yi in ya kusa sallamawa. Yaranmu cikin wannan suka tashi. Amma da zarar sun zauna a ɗakin lacca a Kongo ko Samaru, harabobin Jami'ar Ahmadu Bello, aka ce yau darasin ciniki da sasantawa tsakanin al'adu ne, sai ka ga ido ya yi nauyi, alƙalami na ta gudu a takarda, zuciya kuwa tana wani wuri. Su haddace sunayen Turawa, su zuba maka a jarrabawa, su fita ba su taɓa zama gaban wani sun yi tayi an ƙi ba.

Abin yana damuna, domin waɗannan ɗaliban ne gobe za su zauna da mai sayen citta daga Indiya, ko mai masana'anta a Guangzhou, ko jami'in kwastan a Maraɗi. Najeriya ta sa hannu a yarjejeniyar kasuwanci maras shinge ta Afirka a Yamai a 2019, an kuma buɗe ciniki a ƙarƙashinta ranar 1 ga Janairun 2021. Wanda bai iya zama da baƙo ba, a tebur za a cinye shi.

Manhaja tana yi wa malami aiki uku da allo da alli ba sa iyawa. Tana raba wa kowane ɓangare sirrinsa ba tare da ɗaya ya gani ba. Tana sa ɗalibi ɗari biyu su yi ciniki lokaci guda, maimakon mutum huɗu su fito gaba saura su yi kallo. Tana kuma adana abin da aka faɗa, a dawo a duba shi kalma da kalma. Duk manhajar da ba ta yi maka ɗaya daga cikin ukun nan ba, ajiye ta.

Mataki na farko: san abin da ke aljihun ɗalibanka

Kafin ka zaɓi komai, tura musu takardar tambayoyi ta Google Forms a makon farko. Tambayoyi shida sun isa: wace irin waya gare ka, kana da kwamfuta, nawa kake iya kashewa a data a mako, ina kake caji in babu wuta, harsuna nawa kake ji, a wane gari ka tashi. Tambayoyi biyun ƙarshe su ne dukiyarka. Jami'ar Ahmadu Bello tun kafa ta a 1962 take ɗibar ɗalibai daga kowace kusurwa ta ƙasar nan, saboda haka aji guda za ka tarar da Batibi da Babarbare da Banufe da ɗan Kalaba da 'yar Katafawa. Ba ka bukatar jirgi kafin ka sami al'adu mabambanta, ga su nan zaune a benci ɗaya.

Amsoshin za su nuna maka abin da ka riga ka zata: waya ta fi kwamfuta yawa nesa ba kusa ba, data kuwa da lissafi ake taɓa ta. To, ka gina darasin a kan rubutu da saƙon murya. Bidiyo ya zama na ranar biki.

Mataki na biyu: zaɓi gida ɗaya, kada ka warwatsa su

Ɗalibi yana bukatar wuri guda da ya san komai na can. In sashenku na da Moodle, wato dandalin koyarwa ta intanet, shi ne zaɓina, saboda dalilai na aiki. Yana ba ka damar raba aji rukuni-rukuni yadda wani rukuni ba ya ganin abin da ke zauren wani, kana iya kulle takarda ta buɗu ga masu sayarwa kaɗai, kuma manhajarsa ta waya tana bari a sauke darasi a karanta ba tare da intanet ba. In babu Moodle, Google Classroom ya isa, domin shi ma yana bari ka tura aiki ga zaɓaɓɓun ɗalibai kawai.

WhatsApp kowa na da shi, don haka da wuya ka kauce masa, amma ka lura da abu guda. Duk wanda ka sa a rukuni, lambarsa ta bayyana ga kowa. Akwai ɗalibai mata, musamman matan aure, da wannan zai hana su shiga da zuciya ɗaya, kuma suna da gaskiya. Telegram yana bari a ɓoye lamba. Ka ba su zaɓi, ka kuma nemi izini a rubuce kafin ka naɗi murya ko hoton kowa. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta shafi wannan, ko ba doka ma mutunci ya wajabta.

Inda sabis ke wahala ƙwarai, akwai MoodleBox, wato Moodle da aka ɗora a kan 'yar kwamfutar nan Raspberry Pi. Tana watsa nata wayifai a cikin ɗaki, ɗalibai su shiga ba su kashe ko kwabo na data ba. Ƙaramin aji take ɗauka, ta fi dacewa da 'yan digiri na biyu.

Mataki na uku: fara da cinikin gida

A nan nake son malami ya yi haƙuri ya daɗe, don wanda bai ga al'adarsa ba ba zai ga ta wani ba. Kifi ba ya sanin yana cikin ruwa.

Aikin mako na biyu shi ne kowa ya je kasuwa, ko Sabon Gari ko Tudun Wada ko ta Samaru ko cikin birni, ya saurari ciniki guda daga sallama har rabuwa, ba tare da naɗar muryar kowa ba. In ya dawo ya turo saƙon murya na minti biyu yana amsa tambayoyi huɗu. Wa ya fara faɗin kuɗi? Da wace kalma aka ƙi tayi? An yi gaisuwa, kuma ta ɗauki tsawon yaya? Me ya nuna ciniki ya faɗa?

Abin da ke fitowa daga wannan aikin ya fi babin littafi. Wata shekara na haɗa ɗalibai biyu su yi ɗan gwaji a rubuce a kan buhun masara. Ɗaya Bazazzagi ne, ɗayar a Fatakwal ta tashi, Hausarta ta makaranta ce da ta maƙwabta. Ta yi tayi, ya rubuto mata kalma ɗaya: "Albarka." Nan take ta cike takardar sakamako cewa an daidaita. Shi kuma ya zauna yana jiran ta ƙara. Da muka haɗu a aji na haska hirar a majigi, ta miƙe ta ce, "Malam, ai albarka ya sa mini. Wanda ya sa maka albarka ai ya yarda." Shi kuma ya ce, "Ranka ya daɗe, ni fa ƙi na yi. In na yarda cewa zan yi na sallama." Ajin ya ɗauki hayaniya. Rabinsu ba su taɓa lura cewa Bahaushe da addu'a yake ƙin tayi ba, don kada ya ce wa mutum a'a ƙiri-ƙiri ya ba shi kunya.

Sai bayan wannan nake kawo sunan Edward Hall, Ba'amurken da a 1976 ya bambanta al'adun da ke zuba ma'ana cikin kalma da waɗanda ke barin ta a cikin yanayi da dangantaka. A lokacin ɗalibi ya riga ya taɓa abin da hannunsa. Sai mu jera namu a allo: "sai na yi shawara", "za mu gani", "ba komai", "Allah ya kai mu". Kowace a tambayi aji ta hanyar ƙuri'a: wannan e ce, ko a'a, ko tukuna? Ƙuri'ar WhatsApp tana nuna wanda ya zaɓi me, don haka in kana son su faɗi gaskiya ba jin nauyi, yi amfani da Google Forms ko Mentimeter ba tare da suna ba. Za ka ga aji ɗaya ya rabu gida uku a kan jimla ɗaya.

Haka kalmomin kasuwa: tayi, sallamawa, gyara, la'ada, kafin alƙalami, uwar kuɗi, dillali, shaida. Buɗe musu ƙamus na aji a Moodle, kowa ya shigar da kalmar ciniki guda daga harshensa da bayanin lokacin da ake faɗinta. Zuwa ƙarshen zango za ka sami abin da babu shi a kowane laburare.

Mataki na huɗu: rubuta wasan ciniki mai sirri

Wannan ne ƙashin bayan darasin, kuma shi ya fi cin lokacin malami. Ɗauki abin da suka sani. Ni citta nake so, domin kudancin Kaduna, wajen Kachiya da Jaba, shi ne cibiyar nomanta a ƙasar nan, kuma waje ake fitar da ita. Cutar da ta afka wa gonakin citta a 2023 ta sa ɗalibai da yawa sun san labarin daga gida.

Takarda uku za ka rubuta. Ta farko kowa zai gani: ƙungiyar manoma na son sayar da busasshiyar citta ga wakilin wani kamfanin waje, kuma akwai batutuwa huɗu a tebur, farashi, kafin alƙalami, iyakar bushewar kaya, da irin buhun da za a zuba. Ta biyu ta masu sayarwa ce kaɗai, ta uku ta masu saye.

A takardun sirrin ne ake saka maki, kuma lissafin ga yadda yake. Farashi maki 40 ne ga kowane ɓangare, abin da ɗaya ya samu ɗaya ya rasa. Kafin alƙalami maki 30 ne ga manoma, domin suna bukatar kuɗi a hannu kafin damina, amma 10 kacal ga mai saye. Bushewa maki 30 ne ga mai saye, domin kaya mai danshi kan yi fumfuna a cikin kwantena, amma 10 ga manoma. Buhu kuwa maki 20 ne ga kowa, kuma su biyun iri ɗaya suke so, sai dai babu wanda ya san haka. In suka raba komai biyu, kowa ya tashi da 50. In suka yi tambaya suka gano inda ke yi wa kowa ƙaiƙayi, manoma suka karɓi kafin alƙalami mai kauri suka ba da bushewa yadda ake so, suka kuma gane buhu bai zama abin jayayya ba, kowa ya tashi da 70. Tazarar nan ta maki 20 ita ce darasin gaba ɗaya.

Ƙara wa kowa abin da Roger Fisher da William Ury na Harvard suka yi wa laƙabi da BATNA a littafinsu na 1981, wato abin da za ka koma wa in ciniki ya watse. Ni tudun dafawa nake ce masa a aji, kuma nan take suke ganewa. Manoma na da wani ɗan kasuwa a Dawanau da zai saya, darajar wannan maki 45. Mai saye shi ma yana da wani wuri, maki 45. Duk wanda ya yarda da abin da bai kai 45 ba ya yi asara, gara da ya tashi.

Kafin a fara, kowa ya cike takardar shiri a Google Forms: me nake nema, ina zan tsaya, mene ne tudun dafawata, me nake zaton ɗayan ya fi so, da wace magana zan buɗe. Wanda bai cike ba kada a buɗe masa zauren ciniki. Moodle na iya yin wannan da kansa in ka gina takardar a cikinsa maimakon Google Forms ka ɗaura sharaɗi, kuma shi ne abin da ya fi gyara ingancin wasan a wurina.

Zagayen farko a rubuce za a yi shi, mutum biyu da mutum biyu, cikin awa 48. Rubutu ba ya cin data, yana jure ɗaukewar wuta, yana ba mai jin kunya damar yin tunani kafin ya amsa, kuma komai na nan a ajiye.

Mataki na biyar: shigo da al'ada, amma ka kiyayi kwaikwayon mutane

Ga inda malamai da yawa ke zamewa. A ce wa ɗalibi "kai ɗan Sin ne, yi ciniki kamar su", sai ya ɗauko abin da ya gani a fim, ya maƙe murya, aji ya yi dariya, a tashi an ƙara wa son zuciya ƙarfi. Mutanen Sin sun haura biliyan ɗaya. Ɗan kasuwar birnin Yiwu na ƙasar Sin da ya shekara goma yana hulɗa da 'yan Kantin Kwari ya fi wasu 'yan boko sanin halin Bahaushe.

Hanyar da ta fi ita ce ka ƙirƙiro garuruwa biyu da babu su, ka ba kowane gari dokokinsa a asirce. Mutanen Tudu ba sa taɓa maganar kuɗi sai an yi gaisuwa an tambayi iyali, ba sa furta a'a, kuma ba sa yanke magana sai sun koma ga dattijonsu, wanda za ka naɗa wani ɗalibi ya zama shi a wani zaure dabam. Mutanen Kwari suna ganin doguwar gaisuwa ɓata lokaci ce, suna faɗin a'a ba kwana-kwana, suna son kowane batu a rubuce da lamba, kuma wakilinsu na da ikon sa hannu nan take. Sai a sake wasan citta da sababbin alƙaluma, a wannan karon da saƙon murya.

Dabarar da ke sa abin ya ratsa jiki ita ce juyawa. Ɗalibin da ya tashi a cikin ganuwar Zazzau ka sa shi a Kwari, ya ji yadda a'a ke fita daga bakinsa da nauyi. Wanda ya tashi a Legas ka sa shi a Tudu, ya ɗanɗani yadda ake riƙe magana. Bayan an gama, kafin su ga dokokin juna, kowa ya rubuta kalmomi uku da ke siffanta ɗaya ɓangaren. Mentimeter zai tara su ya haska a allo. Mutanen Kwari za su ce na Tudu 'yan yaudara ne masu ja da lokaci. Na Tudu za su ce na Kwari ba su da tarbiyya. Sannan ka buɗe dokokin kowa ya karanta. Shirun da ke biyo baya a ɗakin, malami ya bar shi ya ɗan daɗe.

A nan ne ya dace a kawo Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan da ya fitar da ma'aunan al'adu a 1980 daga amsoshin ma'aikatan kamfanin IBM a ƙasashe da dama. Ka koya musu ma'aunan, ka kuma sa su tuhume su. Maki ɗaya da aka ba Najeriya, wa yake wakilta, Bafulatanin ruga ko ɗan kasuwar Onica? Irin wannan ma'auni hasashen farko ne da kake shiga ɗaki da shi, kana shirye ka yar da shi da zarar mutumin da ke gabanka ya nuna maka nasa halin.

Mataki na shida: atisaye tsakanin lacca da lacca

Akwai kayan aiki biyu da ɗalibi zai yi shi kaɗai a ɗakinsa. Na farko labari mai rassa: an kai ka wani matsayi, ka zaɓi abin da za ka ce, zaɓinka ya kai ka wani wuri. Ana gina shi da H5P a cikin Moodle, ko da Twine, wadda ke fitar da fayil guda da za a tura ta Xender a buɗe ba intanet. Bayan sun yi naka guda ɗaya, juya aikin: kowane rukuni ya gina nasa daga abin da ya gani a kasuwa. Wanda ya zauna ya tsara amsoshi uku da sakamakon kowace ya fi wanda ya latsa kawai fahimta.

Na biyu shi ne manhajojin hira masu ƙirƙirarriyar basira, irin su ChatGPT da Gemini da Claude. Suna da amfani wajen sabo da baki, musamman ga wanda Turancin ciniki ke yi wa nauyi. Kada a ce wa na'urar ta zama ɗan wata ƙasa, domin ita ma za ta ɗauko gama-garin zato ne. A ba ta hali da iyaka: kai wakilin kamfani ne, ba ka wuce farashi kaza, ba ka bayyana abin da ka fi so sai an tambaye ka sau biyu, in an matsa maka ka yi barazanar tashi. Ko da haka takan yi saurin sallamawa don ta faranta wa mai magana da ita, saboda haka ka gaya wa ɗalibai kada nasara a kanta ta ruɗe su. Su turo hirar tare da sakin layi guda na inda suka ga sun yi kuskure.

Mataki na bakwai: haɗa su da baƙi na gaske

In zango ya raba, lokaci ya yi da za su zauna da wanda ba su sani ba. Akwai shirye-shiryen da aka kafa don wannan. X-Culture, wanda ya fara a 2010, yana haɗa ɗaliban kasuwanci daga ƙasashe daban-daban su yi aiki guda ta intanet. Soliya tana haɗa matasa tattaunawa tsakanin al'adu. ICONS na Jami'ar Maryland kuwa wasan diflomasiyya ne da ya dace da 'yan kimiyyar siyasa. Duba sharuɗɗansu da kuɗinsu da wuri, domin suna da lokacin rajista.

Amma ka fara da kusa. Malami ɗaya da ka sani a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, ko ta Abdu Mumuni a Yamai, ya ishe ka. Agogonmu ɗaya da Nijar, harshe ɗaya da yawancinsu, amma a nan ne ɗalibi zai gane cewa harshe ɗaya ba lissafi ɗaya ba ne. Jaka a bakin dattijon Zariya naira 200 ce, jika a Maraɗi sefa 1000 ce, dala kuwa a can sefa 5 ce, ba kuɗin Amurka ba. Takardunsu da Faransanci suke. Gayyato 'yan sashen Faransanci su zama tafintoci, su ma sun sami atisaye, masu ciniki kuma su koyi gajarta magana da kallon abokin ciniki maimakon kallon tafinta.

In da nesa za ku haɗa, yi lissafin agogo. Sin tana gabanmu da awa 7, Indiya da awa huɗu da rabi, don haka safiyarmu ce ta dace. Kauce wa lokacin sallar Juma'a da safiyar Lahadi, ka kuma tambayi ɗaya ɓangaren ranakun hutunsu. Zoom na kyauta yana yankewa a minti 40, Google Meet a awa guda in kun kai uku. Tsara zaman ya ƙare kafin nan. A buɗe kyamara minti biyar na farko don gaisuwa ga wanda ya yarda, sannan a rufe a ci gaba da murya. Ka tanadi rukunin rubutu a gefe tun kafin a fara, in layi ya yanke a ci gaba a can.

Mataki na takwas: zaman bita

In lokaci ya ƙure maka, rage wasan, kada ka rage bita. Kowane rukuni ya shigar da sakamakonsa a Google Forms, alƙaluman su zubo cikin Google Sheets, ka zana jadawali: makin manoma a kwance, na mai saye a tsaye, kowane rukuni ɗigo guda mai lamba, ba suna. Da an haska, kowa zai fara neman ɗigonsa. Wasu na wajen 50 da 50, wasu sun kai 70 da 70, wasu sun watse, wasu kuma sun yarda da abin da bai kai tudun dafawarsu ba.

Kada ka fara da bayani. Kira rukunin da ya kai 70 ka ce su nuna mana saƙon da ya juya cinikin. Kusan kullum tambaya ce: "Cikin abubuwan nan huɗu, wanne ya fi damun ku?" Sannan ka kira waɗanda suka watse, da izininsu, a karanta hirarsu har inda murya ta canja. Sau da yawa ba a kan kuɗi aka ɓata ba. Wani ya ji an raina shi, ko an tsallake gaisuwa, ko an ce "wannan farashin wasa ne" ga mutumin da mutuncinsa ya fi masa riba. Waɗanda suka yarda da asara kuwa, in ka tambaye su, za ka ji kalmar da muka sani: kara. "Malam, na ji nauyin in ce masa a'a bayan mun daɗe muna magana." Wannan ya cancanci rabin awa shi kaɗai. Kara hali ne mai kyau da ke riƙe zumunci da amana a kasuwanninmu, kuma ɗalibi na bukatar ya koyi yadda zai ƙi tayi bai zubar da ita ba, musamman in dukiyar wasu aka damƙa masa ya wakilta.

Mataki na tara: maki

Kada ka ba da maki a kan wanda ya ci ciniki. In ka yi haka za su koyi ƙarya da taurin kai, kuma za su sayar wa juna takardun sirri. Ni kan raba makin aikin zango kashi uku: takardar shiri, shiga wasa a kan lokaci, da rubutun waiwaye na shafi ɗaya bayan kowane zagaye, wanda dole ya ɗauko jimla biyu daga hirar da aka yi ya faɗi abin da zai canja. Wannan sharaɗin na ɗauko jimla shi ke hana a sa na'ura ta rubuta musu. Ƙara tambaya guda da abokin ciniki zai amsa a asirce: za ka so ka sake ciniki da wannan mutumin? A kasuwa ta gaske amsar wannan tambayar ce jarin ɗan kasuwa.

In ajin ya yi yawa, sashen tantance juna na Moodle zai raba rubuce-rubucen tsakanin ɗalibai su duba wa juna bisa ma'aunin da ka shimfiɗa, kai kuma ka ɗibi wasu ka tabbatar an yi adalci. Wanda wayarsa ta lalace ko ta ɓata, haɗa shi da abokin rukuni su yi da waya ɗaya, ko ka buga masa takardar sirrinsa ka ba shi a ambulan.

Da an gama zango, sauke hirarrakin da aka ba ka izini, goge sunaye da lambobi, ka ajiye uku ko huɗu da suka fi koyarwa don ajin baɗi. Sannan ka zauna ka canja alƙaluman takardun sirri, ka juya wanda ya fi son me, ko ka mayar da cittar ta zama riɗi ko zoɓo, domin takardun bana sun riga sun isa wayoyin ƙannensu.